Shekarar canjin kuɗi

Lokacin da nake aikin kammala digiri a fannin tarihi, batun da aka ba ni shi ne yadda Kano ta canza daga 1967 da aka ƙirƙiro jihar zuwa yanzu, ni kuma a raina na ce ai wannan sauƙi, a garin aka haife ni, me zan nema? Na zauna na jera shekaru kamar mai lissafin bashi. Rikicin Maitatsine a Disambar 1980, cire Jigawa a 1991, harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012, hana acaɓa a 2013, rasuwar Sarki Ado Bayero a 2014 bayan ya haura shekara 50 a kan karaga. Malamin da ke duba aikin ya karanta ya ce wannan kalanda ce ka kawo min, tashi ka je ka nemo mutane.

Haka na fara yawo da waya ina ɗaukar murya. A Sharaɗa aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi aikin masaƙa shekara da shekaru, yanzu gadi yake a wani tsohon kamfani da aka mayar sito, kuma abin da ke cikin siton dilolin atamfa ne daga Chana da ake kaiwa Kantin Kwari. Shi da kansa ya nuna min yana dariya, ya ce da mu muke saƙawa yanzu mu muke gadi. Ya ba ni labarin yadda jiniya ke tashi da asuba, kekuna su cika titi, masu ƙosai da koko su jeru a bakin get, sannan yadda abin ya fara lalacewa bayan SAP, shirin sauya fasalin tattalin arziki da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta babu, aka fara sallamar mutane kashi kashi har aka sa kwaɗo.

To a nan na tafka kuskuren. Na ce Baba yaushe ka fara aiki? Ya ce shekarar canjin kuɗi. Ni ko tambaya ban ƙara ba na rubuta 1984, don canjin kuɗin Buhari na mulkin soja shi ne wanda na sani ana ta labari a gida. Sai da Malam ya saurari muryar, ya tsayar ya ce sake ji, mutumin nan ya ce Audu Bako ne gwamna lokacin, ai Audu Bako ya sauka tun 1975. Ashe Baba 1973 yake nufi, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Shekara 11 na zaftare wa bawan Allah daga rayuwarsa, kuma duk lissafin da na ɗora a kai ya rushe, wallahi ranar kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan na gane mutanen gari ba sa riƙe tarihi da lamba, da abin da ya taɓa su suke riƙewa. Wani zai ce kafin Maitatsine, wata ta ce lokacin da bayan gidanmu kududdufi ne, mai adaidaita ya ce tun ina acaɓa. Kuma ba wai tsoho ba ya kuskure ba, yana yi sosai, wani ma sai ya haɗe gwamnoni biyu ya mai da su ɗaya, shi ya sa na koma duk abin da aka faɗa min sai na tambayi waye gwamna, nawa ne kwanon gero, an yi gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ko ba a yi ba, sannan in je in duba tsofaffin jaridu.

Na koma wajen Baba da goro na ba shi haƙuri. Ya ce ɗana ai kai ma ka ga naka canjin kuɗin a 2023, nan gaba jikanka zai tambaye ka wanne, ka dai tabbata ka faɗa masa waye gwamna.