Ranar da bugun zuciyata ya ba ni tsoro

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur, na koma kan keke. Ba neman lafiya ya sa ba, aljihu ne ya gaza. Daga Hotoro zuwa shagona na ɗinki a Fagge, cikin Kano, tafiyar kusan minti 40 ce, safe da yamma. A makonnin farko ina isa nake zubewa kan benci, zuciya kamar za ta faso ƙirji, yaran shago suna dariya a ɓoye.

Shekara guda da 'yan makonni bayan haka, ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gida da Babbar Sallah ɗauke da na'urar awon jini, ta bi kowa ta auna. Da ta zo kaina sai bugun zuciya ya nuna 56 a minti. Ni kuwa na san da can 80 da ɗoriya nake gani. Gabana ya faɗi, don na taɓa jin cewa na babban mutum daga 60 zuwa 100 ne.

"Yaya, kana jin jiri? Ka taɓa suma?"

Na ce a'a.

"To keken nan ne."

Da guga ta yi mini misali, kuma har yau da shi nake fahimtar abin. Mutum yana zaune, zuciyarsa na tura jini kusan lita 5 a kowane minti, bugu ɗaya kamar mililita 70. Idan ya daɗe yana wahalar da ita da tafiya ko gudu ko keke, ɗakin zuciya na ƙasa na hagu, wanda ke tura jini zuwa jiki, yakan ƙara faɗi, bangonsa ya ƙara ƙarfi, ya riƙa cika sosai kafin ya matse. Guga ta girma ke nan. Randar da da sai an ja sau 80 take cika, yanzu da ja 50 da 'yan kai an gama. Ita ma jijiyar da ke taka wa zuciya birki takan ƙara tasiri lokacin hutu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinin kansa yana ƙaruwa, ruwa-ruwansa tun a makonnin farko. A cinya da ƙwauri kuma ƙananan hanyoyin jini suna yaɗuwa cikin tsoka kamar saiwar gero, manyan kuma su ƙara laushi. Shi ya sa mai hawan jini kan ga lambarsa ta ɗan sauka, ko da yake wannan ba izinin ajiye magani ba ne.

Daga baya na karanta labarin Miguel Indurain, ɗan Sifen da ya lashe tseren keke na Tour de France sau biyar a jere, daga 1991 zuwa 1995. An ruwaito bugunsa na hutu 28. Na daina taƙama da 56 ɗina. Amma wanda ya fi burge ni binciken likita Jeremy Morris ne a Landan, a 1953: kwandastocin bas mai bene, masu hawa da sauka duk yini, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Ni da nake wuni kan kujerar keken ɗinki, na san layin da nake ciki.

Ƙanwata ta ja mini kunne: bugu ya yi ƙasa ga wanda ba ya motsa jiki, ko ya zo da jiri, suma ko ciwon ƙirji, asibiti za a nufa.

Kuma amfanin ba ya ɗorewa in an daina. Da azumin bara na ajiye keke na koma hawan Adaidaita Sahu mako biyar. Bayan Sallah na ɗora yatsu biyu a wuyan hannu da asuba, ina duban agogo, na ƙirga 65. Washegari na kai keken wurin mai faci.