Daga Shafshawan zuwa Fas a motar safa

Na tashi yau tun kafin kiran assalatu, domin motar da na yanki tikitinta jiya ta safe ce, kuma tashar Shafshawan, garin da ke arewacin Maroko, tana can gindin tudu, da ɗan nisa daga tsohon garin da na kwana. A ɗakin haɗaka ba a kunna fitila da asuba saboda haƙƙin masu barci, shi ya sa tun da dare na ɗaure kayana cikin jakar goyo. Da hasken waya na sauko daga gadon sama, na yi alwala, na hau saman soro na yi sallah cikin sanyin tsaunukan Rif, sannan na gangara ta lungunan da aka shafe da shuɗin fenti har bakin titi.

Motar ta kamfanin CTM ce, wanda yake jigila a Maroko tun 1919. Akwai motocin da suka fi ta araha a tashar, amma na zaɓe ta ne saboda kowane fasinja yana da lambar kujerarsa, kuma ba a tsayawa ɗibar mutane a kowane ƙauye. Ana biyan ɗan kuɗi daban na kaya, a liƙa wa jaka takarda, a ba mai ita rabin takardar ya riƙe har a sauka. Fasfo da kuɗi da waya kuwa suna cikin ƙaramar jakar da ba na rabuwa da ita ko a banɗaki.

Tafiyar ta kusa kilomita 200, kuma ta ci fiye da awa huɗu, domin rabin farko duk kwana-kwana ne a gefen duwatsu. Wata baiwar Allah da ke gabana ta sha fama da jiri har sai da muka sauka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wajen Wazzan, inda gonakin zaitun suka mamaye ko'ina. Dattijon da ke kusa da ni ya ɓalli burodinsa ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba, ni kuma na ba shi dabino. Larabcin da na koya a makaranta bai yi daidai da Darija, wato Larabcin Maroko, da yake yi ba, amma mun fahimci juna gwargwado, har ya gargaɗe ni cewa kada in shiga tasi a Fas sai direba ya kunna mita.

Motar ta sauke mu a sabon gari, na hau jar ƙaramar tasi zuwa Bab Bujlud, ƙofar shiga tsohon gari, wadda aka gina a 1913, mai shuɗin ado ta waje da kore ta ciki. Daga nan mota ba ta shiga. Na saɓi jakata na bi Tala'a Kabira, babbar hanyar tsohon garin, ina raɓewa jikin bango duk lokacin da mai alfadari ya yi ihun "balak", har na kai masaukin da na kama ta intanet. Tsohon gida ne mai tsakar gida da famfo a tsakiya, an cika ɗakunansa da gadaje masu hawa biyu. Matashin da ke kula da wurin ya karɓi fasfona, ya kwafi lambar shiga ƙasa da aka buga mini a filin jirgi, ya nuna mini gado da akwatin ajiya wanda na kulle da kwaɗona.

Tun wajen kama wurin na nemi ɗakin maza zalla, domin da yawa daga cikin irin waɗannan masaukai suna haɗa maza da mata a ɗaki ɗaya, kuma wanda bai duba ba sai ya iso zai gani. Wannan ne abin da na fi ba muhimmanci, sai kuma kusanci da masallaci. A ganina gado mafi araha a wajen ganuwa ba riba ba ce, tunda abin da aka rage zai ƙare a kuɗin tasi. Kuɗin ɗaki ɗaya a otal matsakaici yana biya mini kwanaki a nan, kuma da wannan rarar ce na iya zuwa Fas, ko da yake ana biyan bambancin da minsharin maƙwabci da layin wanka.

Na ci abincin rana a wata rumfa da 'yan dako suka cika, kwanon bisara mai zafi, wato miyar wake da aka zuba wa man zaitun da barkono, da burodi da shayin na'ana'a. Daga nan na yi la'asar a masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Abokan ɗakina biyu, Bajamushe da ɗan Koriya, sun rako ni har ƙofa suka tsaya suna leƙe, domin a Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga yawancin masallatai.

Abin da ya fi kawo ni garin shi ne zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Tun daga lungun da ke kaiwa can na fara jin Wolof a bakin masu ziyara daga Senegal, ina shiga kuma sai na ji Hausa. Wani dattijo mai farin rawani ya dubi jakar da ke kafaɗata ya ce, "Ɗana, kai kaɗai ka zo?" Na russuna na ce, "Ni kaɗai ne, Baba, a mota nake zagayawa." Ya tambayi inda na sauka, na kwatanta masa ɗakin da gadajensa, ya jinjina kai ya yi mini addu'ar komawa gida lafiya. Na zauna kusa da shi har aka idar da wazifa.

Da dare na wanke riguna biyu na shanya a saman soro, na sa waya a caji kusa da matashina, na rubuta abin da na kashe yau a bayan littafin nan. Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu, zan je majemar Shuwara kafin rana ta ɗaga warin fatu, daga nan in wuce tasha in tambayi lokacin motar Maknas.