Ranar da layi ɗaya ya taso ni daga Kubwa

Watana huɗu da fara aiki a wani ƙaramin kamfani a Wuse, ogana ya turo mini takardar CIS Benchmark, wato jerin matakan tsare kwamfuta daga masu kutse, ya ce in fara da sashen farko: a toshe duk wani tsarin fayil da ba ma amfani da shi. Sabobi uku ne, wato kwamfutocin da ke riƙe da ayyukan kamfanin, dukkansu Debian, wani nau'in Linux.

Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Kanal ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yana zuwa da tarin mojul, ƙananan guntayen manhaja na karanta faifai iri-iri, kuma da an buƙaci ɗaya zai ɗora shi da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Akwai jffs2 na ƙananan na'urori, da freevxfs, da udf na faifan DVD, da hfs da Apple ya fitar a 1985, da ƙanensa hfsplus na 1998. Wa zai kawo faifan Makintosh na zamanin da ba a haife ni ba ya sa a sabarmu? Babu. Amma lambar tana nan kwance, kuma duk abin da ke gudana a cikin kanal yana da cikakken iko. Mugu zai iya haɗa gurɓataccen faifai da gangan don ya taɓo kuskuren da ke cikin tsohon mojul. Ƙofar da ba ka bi ta cikinta, gara ka sa mata bulo.

Aikin kansa ba ya kai minti goma. Fayil ne za ka buɗe a /etc/modprobe.d/, ka rubuta install hfs /bin/false, ƙarƙashinsa blacklist hfs, haka har ka gama. Na biyun shi kaɗai ba ya isa, don wanda ya kira mojul ɗin da sunansa zai same shi.

Sai zaƙewa ta kama ni. Na ga vfat a wani tsohon jeri, na ce ai wannan na filashi ne, me ya haɗa sabar da filashi? Na ƙara shi. A sabobi biyu komai ya tafi sumul. A ta uku da na buga modprobe -r vfat don in sauke mojul ɗin sai ta ƙi, ta ce ana amfani da shi. Na karanta saƙon da idona, na ɗaga kafaɗa, na rufe kwamfuta na tafi masallacin Juma'a.

Asabar da rana aka ɗauke wuta, batirin ya mutu kafin a tada janareta. Biyu suka dawo, ta uku shiru, SSH, hanyar shiga ta daga nesa, ba ya amsawa. Na baro Kubwa a guje, na jona allo, na tarar da ita tsaye a yanayin gaggawa tana neman kalmar sirrin root, wato babban mai iko a kan injin.

Na kira oga. "Ranka ya daɗe, ta ƙi tashi."

"Me ka taɓa jiya?"

Da na ambaci vfat sai ya yi ɗan shiru. "Malam, wannan sabuwa ce, da UEFI take tashi. Duba fstab."

Ga shi kuwa ƙuru-ƙuru a fstab, fayil ɗin da ke jera ɓangarorin faifan da ake ɗorawa wajen tashi: /boot/efi, nau'insa vfat. Tsofaffin biyun da BIOS suke tashi, tsohon tsarin da UEFI ya gada, shi ya sa ba su ji komai ba. Ita kuwa ta nemi ɗora wannan ɓangare, na riga na ɗaure mata hannu, sai systemd, mai tada ayyukan injin, ya tsaya cak. Na goge layin vfat da na ƙara a /etc/modprobe.d/, na sake kunna ta.

Tun daga ranar, kafin in toshe komai sai na duba findmnt da lsmod, masu nuna ɓangarorin faifai da mojul ɗin da aka ɗora, na ga abin da injin ke tsaye a kai. A nan na gano cewa snap, wata hanyar girka manhaja, ba ya aiki sai da squashfs, kuma sabar da ke kan Azure, dandalin hayar sabobi na Microsoft, tana buƙatar udf a tashinta na farko. Sannan nakan sake kunna injin da hannuna ina zaune a gabansa, ranar Talata da safe, oga yana ofis.