TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Layi biyu cikin jego

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wancan sati mun tsaya inda anka yi suna, Inna ta taho da ni gida nan Tawa wankan jego, shi kuma maigida ya koma Abijan wajen nema.

To ko sati uku ban cika ba sai ga jiri da tashin zuciya, kunun kanwa ma in na ji ƙamshinshi sai amai. Yayar maigida ta zo dubiya, ta ƙare mini kallo ta ce wannan alamun kwanika ne, ta aika yaro farmasi ya sawo tes na fitsari wai don hankalinta ya kwanta. Layi biyu sunka fito, alamar ciki ke nan, na biyun dishi-dishi.

Wallahi har yau in na tuna irin kallon da ta yi mini jikina sanyi yake yi, mace da jinin biƙi bai ko ɗauke ba, miji ba ya gari, ina kwance ɗakin uwata dare da rana, amma ga abu a hannunta tana juyawa tana cewa "to wannan fa daga ina?" Inna ba ta tanka ba, hijabi kawai ta jawo ta ce tashi mu tai matarnite, asibitin haihuwa.

Sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, wata dattijuwa, ta tambayi ranar haihuwa sannan ta ce, "Ɗiyata share hawayenki. Abin nan ba jariri yake gani ba, wani sinadari yake nema da ake ce ma hCG, kuma mabiyiya ce ke yin shi. Ranar da mabiyiya ta fita ba ranar yake ƙarewa ba, a hankali yake bin fitsari, wata sati 2 zuwa 4, wata ya ɗan zarce." Ta ce bayan ɓari ma haka ne. Shayarwa kuma ba ruwanta da sakamakon.

Anka ɗebi jinina, bayan awa 48 anka sake, don in sabon ciki ne adadin hCG hawa yake yi, in sauran na haihuwa ne kuwa sauka. Nawa ya sauka. Jirin ashe ƙarancin jini ne, anka ba ni magani.

Amma ta ja kunnena a gaban Inna: in an wuce arba'in tes na nuna layi biyu, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi da wari, a dawo da gudu a yi ekografi, wato hoton ciki, don guntun mabiyiya kan maƙale a ciki. Kuma kada in ce nono zai tsare ni haka kawai, sai in yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Wadda ba ta shayarwa tana iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga al'adar fari, shi ya sa ake maganar tazarar haihuwa tun daga kwana 21.

Mun dawo da takarda a hannu, sai dai magana ta riga mu, an riga an kira Abijan. Da dare wayata ta yi ƙara, lambarshi ce. Abin da ya ce mini sai sati mai zuwa in sha Allah.