Lantarki a hannun Baba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, hannunsa na dama ya dunƙule kam, ko farce ba ma iya yanke masa. Likitar fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi, ta ce ƙwaƙwalwa ce ta daina tsawatar wa tsokar, shi ya sa take ɗaurewa.

Da ta fito da 'yar na'urar TENS, mai tura ɗan lantarki ta cikin fata, wallahi gabana ya faɗi. Lantarki fa! Sai da ta tabbatar ba a dasa masa na'urar bugun zuciya ba, sannan ta manna masa faifai biyu ƙasa da gwiwar hannu, minti 30. Baba ya ce kamar kiyashi ke yawo a fatarsa.

Yatsun sukan saki na 'yan sa'o'i kawai. A lokacin nake miƙe su ɗaya bayan ɗaya, in goge masa tafin hannu.