Tarihin Peter Brötzmann, kashi na 4: Faifan Bremen da masu cewa ihu ne

Makon jiya mun bar Brötzmann, Bajamushen mai busa saksofon a kiɗan jaz, a garin Wuppertal, yana karatun zane, yana taya Nam June Paik, mai fasaha ɗan Koriya, harhaɗa kayan baje kolinsa a 1963. Zan tsallake shekarun da suka biyo baya in kai ku Mayun 1968, domin maganar da ta hana ni sakat tana can. Har gobe akwai masu cewa wai Brötzmann bai iya busa ba, ihu kawai yake yi a cikin ƙarfe. Duk mai faɗin haka bai taɓa ɗora bakinsa a kan saksofon ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A wata mashaya da ke birnin Bremen na Jamus, Lila Eule, ya tara mutum takwas har da shi. Masu busa uku: shi, da Evan Parker daga Ingila, da Willem Breuker daga Holan. Masu ganga biyu, Han Bennink da Sven-Åke Johansson. Masu babban bas na tsaye biyu, Peter Kowald da Buschi Niebergall, sai Fred Van Hove a kan fiyano. Faifan da ya fito daga nan shi ne Machine Gun, laƙabin da Don Cherry, Ba'amurke mai busa a jaz, ya laƙaba masa saboda yadda yake aman sauti ba ƙaƙƙautawa. Da kuɗinsa ya buga shi, ƙarƙashin tambarinsa BRÖ, kamar yadda ya yi wa na farko a 1967, kuma shi ya zana bangon da hannunsa.

To, yaya ake fitar da wannan sautin da suke kira ihu? Saksofon jikinsa tagulla ne, amma muryarsa daga wani ɗan fallen kara take fitowa, wanda ake ɗaure shi da zobe a ƙarƙashin bakin busa. Algaita kara biyu ne ke kaɗawa a bakinta, saksofon guda ɗaya. Karan nan lamba-lamba ne, daga 1.5 mai taushi zuwa 5 mai tauri. Ɗan koyo da 2 yake farawa. Mai son ƙara irin ta Brötzmann dole ya hau sama, domin kara mai taushi idan ka tura masa iska da ƙarfi manne wa bakin busa yake yi, sautin ya ɗauke ɗif. Mai taurin kuma yana cin huhu, yana cin leɓe, haƙoran ƙasa su yi ta sassaƙar naman leɓen daga ciki.

Kafin a busa sai an jiƙa karan a baki ko a ruwa na 'yan mintuna. Busasshe tsuwa yake yi. Idan ya karkace ko da kaɗan daga tsinin bakin, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Gurnanin nan da ake ji kuwa, mai busa ne yake gunji a maƙogwaronsa a daidai lokacin da yake hurawa, muryarsa da ta kara su yi karo. Akwai kuma danna maɓallai ta hanyar da ba a saba ba, ka rufe na ƙasa ka bar ɗaya a buɗe a tsakiya, sai sauti biyu ko uku su fito tare. Ka matsa leɓe fiye da kima su tsinke zuwa tsuwa ɗaya, ka sassauta su mutu. Riƙe su a tsakiya ana cikin gudu, da ganguna biyu a bayanka, shi ne aikin. Kuma fata guda daga cikin waɗanda ke toshe ramukan ta fara yoyo, ƙananan sautukan sun tafi ke nan, musamman a saksofon ɗin da ake kira bariton, wanda ya fi wanda ake kira teno girma da nauyi, Brötzmann kuwa duka biyun ya busa a wannan faifai.

Masu cewa ihu ne su je su saurari abin da ya yi a Wels ta ƙasar Ostiriya a 1996, shi da Hamid Drake mai ganga da Mahmoud Guinia, babban makaɗin Gnawa, wani kiɗan gargajiya na Maroko. Mutumin da bai iya sauraro ba ba zai zauna da makaɗin da ke maimaita zubi ɗaya a kan tsirkiya uku ya san inda zai shiga da inda zai ja baki ba. Ko su nemi faifan da ya busa shi kaɗai wanda ya fito a 2019, tsofaffin waƙoƙin jaz a hankali, huhun ya riga ya gaji amma kowane sauti a mazauninsa. Sai an gwada, na ce.

Mu koma 1968. An haife shi a Remscheid ranar 6 ga Maris 1941, ana tsakiyar yaƙi. Tsararsa sun tashi suna tambayar iyayensu abin da suka aikata a zamanin Hitila, iyayen sun yi gum. Ga yaƙin Biyetnam, ga ɗalibai sun cika titunan Jamus ta Yamma. Yaron da ya koya wa kansa kilarinet yana kwaikwayon tsohon jaz na New Orleans ya san busa mai daɗin kunne sarai. Ya ga ba ita ce ta dace da wannan shekarar ba, kuma ina ganin ya yi daidai.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, da ya rasu a Wuppertal ranar 22 ga Yuni 2023, yana da shekara 82, yabo ya yi ta zuba, amma mafi yawansa a kan ƙarfin huhunsa ya tsaya, kamar wani ɗan dambe ake makoki. Tsarin da ke cikin faifan Bremen, inda masu busa uku suke faɗowa tare a kan bugu ɗaya sannan su watse su sake haɗuwa, kaɗan ne suka ambata.

Mako mai zuwa za mu shiga Balin: taron Total Music Meeting na 1968, da yadda shi da Kowald da Jost Gebers suka kai ga kafa kamfanin faifai na FMP a 1969.