Sabuwar sandar fatsa a Tafkin Fok

Tafkin Fok, wanda ke gabas da birnin Dalas a jihar Teksas ta Amurka, wuri ne da ke saurin tona asirin sandar fatsa, domin lokacin da aka tare ruwan a 1980 an bar itatuwa da yawa a tsaye, kuma har yau kututturansu suna nan cikin ruwa, a tsakaninsu ne kifin bas mai faɗin baki yake laɓewa. A wannan tafki aka kama bas mafi nauyi a tarihin jihar a watan Janairun 1992, mai kilo 8 da ɗoriya. Saboda haka can na nufa da sabuwar sandata domin in san halinta.

Sandar ta girafait ce, wato wani abu marar nauyi mai tauri da ake ƙera sandunan fatsa da shi, tsawonta ƙafa 7, kuma an rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar koto mai nauyin giram 7 zuwa 21. Irin wadda na'urar naɗe zare ke zama a samanta ce, zobban da zaren ke bi suna kallon sama, sannan a ƙasan mariƙin akwai ɗan ƙaho irin kunamar bindiga inda manuniya ke maƙalewa. Babban yatsa kuwa aikinsa tsare zaren yayin jifa, domin idan na'urar ta fi koton gudu, sai zaren ya cukurkuɗe. Abin da na fara lura da shi shi ne daidaiton nauyinta. Da na ɗora ta a kan yatsa dab da gaban na'urar, sai ta tsaya cak, bakinta bai rinjaya ƙasa ba, kuma a wurina wannan ya fi rashin nauyi muhimmanci, domin sandar da kanta ke rinjaya tana gajiyar da wuyan hannu tun rana ba ta yi tsaka ba.

Na ɗaura tanar roba irin ɗaurin da ake kira na Teksas, wato dalma mai siffar harsashi a gaba, ƙugiya guda, tsininta a binne cikin robar don kada ta kama itace. A nan ne sandar ta shiga raina. Ina jan koton a hankali a ƙasan ruwa, sai na riƙa jin bambanci a tafin hannuna: laka tana zuwa da nauyi marar motsi, tsakuwa tana karkarwa, reshe kuma sai ya riƙe zaren, ya ja, sannan ya saki. Cizon bas daban yake da duk waɗannan, ƙwanƙwasa ce guda, ƙarama, sai zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Da na fizga, kashi ɗaya cikin uku na saman sandar ne kawai ya lanƙwasa, sauran jikin ya tsaya ƙyam, ƙugiyar ta huda robar ta shiga muƙamuƙin kifin, kuma na samu ƙarfin juyo kansa kafin ya naɗe zaren a kututture. Tsawon kifin ya faɗa tsakanin inci 16 da 24, wanda dokar tafkin ta hana ɗauka, don haka na cire ƙugiyar na mayar da shi ruwa.

Wannan taurin kuwa bai yi mini daɗi ba da na koma ga koton roba mai siffar ƙaramin kifi, wanda ke ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku. Irin waɗannan ƙugiyoyi ƙanana ne, ba sa shiga da zurfi, kuma idan bas ya yi tsalle yana girgiza kai, sanda mai tauri ba ta sassauta masa, sai fatar bakin ta yage ya kuɓuce. Haka ya faru a gaban idona, kusa da kwale-kwalen. Na fahimci dalilin da ya sa gwanayen wannan su suke ware wa irin wannan koto sanda ta faibagilas, wato wadda aka ƙera da zaren gilashi, mai lanƙwasawa har tsakiya. Ita wannan sabuwar na keɓe ta ga tana da sauran koto mai ƙugiya guda, tsohuwar sandata mai laushi kuma za ta ci gaba da hawa kwale-kwale tare da ita.